Gawon da Shanu Suka Shuka

Gonar babana tana kan hanyar Badagishiri in ka fito daga Illela, amma mutanen ƙauyenmu daji suke ce mata. Lokacin sassabe kowa yakan aske tasa ƙwal kamar kan jariri ranar suna, shi kuwa Baba sai ya bi kututture yana zaɓar reshe mai ƙarfi ya bar shi ya girma. Ga kalgo, ga magarya da aduwa, ga gawo birjik. Nakan gaya wa yara cewa kura ta taɓa ɓacewa a gonarmu, sai da ta yi kuka Baba ya nuna mata hanya.

Gawo ne ya fi so. Geron da ke gindinsa, wallahi sai hularka ta faɗi kafin ka hango zangarniya. In na karya masa ko ɗan reshe, dukan da zan sha ya isa a raba wa jakunan kasuwa.

Kowace kaka wani Bafillace abokin Baba yakan sauka a gonar da shanunsa, su ci kara da ƴaƴan gawo, su bar mana taki. Baffa muke ce masa. Shi kuma Kaɗo yake kiran Baba, yana tsokanarsa wai bai taɓa ganin manomi mai tsoron gatari ba.

Shekarar da fari ya yi tsanani, rumbunmu ya ƙare, magarya da ganyen aduwa ne suka riƙe mu. A tsakiyar bazara sai ga Baffa, ba lokacinsa ba. Garken nan ya koma ƴan shanu kaɗan, ƙashin ƙugunsu ka rataya riga. 

Baffa bai roƙi komai ba. Ya sha ruwa ya zauna yana kallon gawo, don shi kaɗai ya rage kore a ƙasar. Baba ya ɗauko gatari ya miƙa mini. Baffa ya riƙe hannuna, ya ce ya san shekarun da aka yi ana renon itatuwan nan.

Baba ya ce, "Ɗan gawo ba ya tsira sai ya bi ta cikin dabba. Shanunka sunka shuka su, ni tsaro na yi. Kai, hau."

Na hau, ƙaya tana yagar cinyata. Da farko ƙananan rassa na sara. Ruwa bai zo ba, na koma kan manya, har babu abin sara. Baba yana ƙasa yana jan ganye zuwa bakin shanun da suka kasa tashi, bai taɓa ɗaga kai ba. Duk da haka suka riƙa mutuwa. Baffa ya nufi Konni da saniya guda, yana tafe tana jingina da shi.

Gawo ba ya ganye da damina, saboda haka ko da ruwa ya sauka ba mu san mai rai da matacce ba. Muka jira kaka. Ƙananan suka yi toho, manyan kuwa shiru. Baba ya riƙa binsu yana ɓantarar ɓawo da farce yana leƙawa.

Daga baya ya ce in sare matattun, Inna ta yi girki da su kafin gara ta cinye. Na ce gatari ya ɓace. Ya san yana ƙarƙashin gadon Inna, amma bai sake tambaya ba.