Kofur Bunu da Takardar Ɗanladi

Da an sallame sallar asuba, Kofur Bunu yakan gangara mashigin hanyar Auyo da gora a kafaɗa da guntun gawayi a aljihu. Kafin ya ɗauki mutum ko ɗaya, sai ya tsuguna ya zana alamu uku a jikin jirgin fitonsa, masu kama da sawun kaza a taɓo. Rubutun Japan ne. Uku kawai, ko da Di'o, Baturen mulki, ne ke jira a gaɓa. In zai haye yana bitar na jiya a baki, in zai dawo na makon jiya. Kafin azahar ruwa ya wanke gawayin tas, shi kuwa haka yake so, don da la'asar sai ya sake zanawa da ka. Wadda ta dawo ta zama tasa. Wadda ta ƙi, gobe ta sake hawa jirgi, ta cinye gurbin sabuwa. Ran Juma'a ba ƙari, bita zalla.

Bana kafaɗar da ya dawo da ita daga yaƙin Bama ta ce ta gaji, zai ajiye gora bayan shekara goma sha ɗaya yana fito. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ni akawun da ya fi kowa yi masa dariya.

A can Bama, da yaƙi ya ƙare, an sa shi gadin fursunonin Japan wata takwas. Sauran masu gadi caca suka koya. Shi ya samo magana ta yau da kullum, da ƙananan baƙaƙensu, da wani ɗan ƙamus na Japananci da Turanci wanda bai iya karanta rabinsa ba. Da ya dawo Haɗeja ba mai amsa masa ko gaisuwa, sai ya naɗe ƙamusun a tsumma.

Iya Mairam mai ƙosai ce ta sa ya kwance tsumman. Ɗanta Ɗanladi ya tafi Bama bai dawo ba, soja kuma suka rubuto cewa ya ɓata, ba su ce ya rasu ba. Shekara takwas ta hana a yi masa sadaka. Sai ga wani tsohon soja daga Miga ya kawo mata layar hannun Ɗanladi, da ya tsinta a wani sansanin da Japanawa suka bari, naɗe cikin takarda mai layi shida na rubutunsu. Ta hau jirgin Bunu ta miƙa masa.

"Ɗana, an ce kana jin yarensu. Me suka ce?"

"Iya, bakinsu nake ji. Manyan baƙaƙen nan ban san su ba tukuna."

"Yaushe za ka san su?"

"Uku uku kullum."

"To ni fa, ana ƙara mini kwana uku uku ne?"

Bunu ya sauke ta a gaɓa. Ya dai zo ofis ya roƙe ni in riƙa fassara masa gefen Turancin ƙamusun.

Ni kuwa, mai takardar makarantar Midil da tabarau, na ga ana ɓata lokaci. Na ɗauki ƙamusun na kwana goma ina haɗiyar baƙi arba'in a rana, ban waiwayi ko ɗaya ba. Ran sha ɗaya na duba takardar na gane kalma huɗu: soja, shinkafa, ruwa, biyu. Sauran na cike da kaina. Ɗanladi ya ci shinkafa, ya haye ruwa da mutum biyu, yana raye. Na sa babbar riga na nufi gidan tsohuwar da albishir, kuma dole in bi ta jirgin Bunu.

Da na ba shi labari, a tsakiyar kogi ya kafe gora ya miƙo mini gawayi.

"Malam akawu, zana mini goma daga cikin na ran Litinin."

Na zana biyu. Ɗayar ma ya ce a kife take.

"Da wannan za ka je ka tayar wa tsohuwa da ɗa? In ta share masa ɗaki fa?"

Ya juya jirgi ya mai da ni inda ya ɗauko ni. Mata masu tallan kifi suka ga babbar rigar ta tafi ta dawo, ba wadda ta tambaya, abin da ya fi tambayar ciwo.

Har yau ina mamakin abin da ya riƙe ka, Kofur. Kai ne kake ganin Iya Mairam tana ƙara ranƙwafawa kowace kasuwa. Kai ne aka yi ta zargi wai ka ci takardar ka haɗiye. Da damina ta cika fadama, mashigi ya yi faɗin da fito ɗaya ke cin sa'a guda, na ce ga dama ta samu, ka ƙara zuwa shida. Ka ce a'a, doguwar hanya ta bita ce. Ka taɓa yin zazzaɓi kwana tara, ka tashi ba ka rama ko ɗaya ba, ka koma baya mako biyu ka sake tahowa. Na tambaye ka ba ka tsoron ta rasu kafin ka gama? Ka ce kana tsoro kullum, amma tsoron ba ya sa baƙi ya zauna a kai.

Wata goma sha tara aka yi. Da ya karanta takardar sai ya ajiye ta mako guda, ya sake karantawa kamar bai taɓa gani ba. Da karatun biyu suka zo ɗaya, ya yi alwala ya tafi, ni ina biye ba babbar riga.

Ya zauna a ƙasa a gabanta. Ya ce wani ma'aikacin jinya na sojan Japan ne ya rubuta. Sojan Afirka mai suna Ɗanladi ya yi zazzaɓi kwana biyar. An ba shi ruwa da shinkafa. Ya rasu da safe. Mutanensa biyu sun wanke shi, sun binne shi a gindin bishiya.

Ta ce, "An yi masa salla?"

Bunu ya sa yatsa a layin ƙarshe. "Ya ce sun tsaya a tsaye sun yi addu'a, ba su durƙusa ba. Shi bai san mece ce ba, Iya, ya dai rubuta abin da ya gani."

"Ni na sani," in ji ta. "Ku gaya wa liman, Juma'a."

Ran Juma'a aka yi sadakar Ɗanladi. Ita da kanta ta toya waina, ta hana kowa taɓa tandar.

Mun gode, Kofur Bunu, mai fiton da ba ya cika jirgi. Allah ya huta da kafaɗar nan. Ku kuma masu fara koyon wani abu, harshe ne ko sana'a, ku ɗauki abin da za ku iya dawowa da shi gobe, ku waiwayi na baya kafin ku ƙara. Iya Mairam tana nan da ranta. Ta ce in rubuta cewa ta yafe masa wata goma sha tara.