Hayaƙin Gidan Pinnock

A ƙauyenmu na Ashden ba mutum ke da haƙƙin kiwo ba, murhu ke da shi. Haka muka tarar. Duk gidan da tsohon murhunsa ke tsaye inda kakanni suka kafa shi, kuma hayaƙi na fita daga bututunsa, to saniyar gidan na da ciyawa a makiyayar gari, matar gidan na da itace a dajin mai ƙasa. Ranar da aka rushe murhun, ko ya wuni a mace babu wuta, haƙƙin ya bi iska, ko da ka gina fada a gefensa.

Babu wanda ya riƙe wannan doka kamar Sibil Pinnock, ga shi kuwa ba 'yar garin ba ce. 'Yar wani mai gyaran tukwane ce, ta tashi a bukkar bakin hanya da ba ta da haƙƙin ko tsinke. Ta sha ganin uwarta tsaye a ƙofar mutane tana roƙon madarar da za a ba jariri. Da Ambrose Pinnock ya auro ta, ba ta kalli gado ba, ba ta kalli akwati ba. Murhun ta nufa ta dafa duwatsunsa, sannan ta fita ta shafa saniyar.

Surukinta, tsoho Gervase, bai taɓa ƙaunarta ba. Ƙafarsa ɗaya ta shanye tun wata shekara da keken shanu ya take shi, amma bakinsa lafiya lau yake.

"'Yar masu tukwane, wannan fate ne ko ruwan wanki?"

"Sha ka gani, Baba. In ruwan wanki ne ai ka huta da wanka."

Ita ke ɗaga shi, ita ke shafa masa man alade a ƙafa, ita ke jiƙa masa burodi a madara don haƙoransa sun ƙare. Ban da wannan ga tatsa, ga cuku, ga kaɗi, ga giyar gida, ga kaji. Shekaru suka tafi, bai taɓa ce mata sannu ba, ita ma ba ta nema ba.

Shi kuwa Ambrose mutumin kirki ne, ban hana shi ba, amma hannunsa ya fi kansa sauri. A kakar da Sibil ke ɗauke da cikin fari aka yi ruwan da ya jiƙa bangon gidan har ya tsage, rabin rufin ya rufto. Ambrose ya tara maƙwabta suka tayar da sabon ɗaki a kan tudu, inda ruwa ba ya kwanciya, suka kwashe tsoho da kaya zuwa can. Har nan babu laifi.

Ranar kasuwa Sibil ta dawo da kwandonta, sai ta hango mijinta a kan tsani, ya riga ya ciro duwatsu daga bakin tsohon bututun. A ƙasa kuma ga Jasper Crouch, wakilin mai ƙasa, wanda bai taɓa taimakon kowa ba, yana riƙe masa tsani yana murmushi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowa ya san mai ƙasa na so ya kewaye makiyayar ya zuba tumaki, kuma duk murhun da ya mutu riba ce a gare shi.

"Ambrose! Sauko!"

"Duwatsu ne masu kyau, mata. Zan yi miki sabon murhu da su a sama. Ai duwatsun ɗaya ne."

"Duwatsun ɗaya ne, wurin fa? Da saniyar za ka hau tudun ka ciyar da ita duwatsu? Sauko, na ce, kafin in jijjige tsanin nan."

Ambrose ya tsaya da dutse a hannu, fuskarsa ta yi ja. Sai a lokacin ya gane.

Jasper ya saki tsanin. "Uwargida, gidan da babu rufi ba gida ba ne. Wa zai yi girki a kango cikin hunturu?"

"Ni," in ji Sibil. "Ka riƙa leƙowa, ranka ya daɗe. In ka zo da ƙwaryarka ma zan zuba maka."

Ta sa Ambrose ya mayar da duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Akwai sauran garwashin safe a cikin toka, ta durƙusa da cikinta ta hura shi har ya kama.

Daga ranar ta mai da kangon ɗakin girkinta. Da safe ta sauko daga tudu da tukunya, ta tono wutar da ta binne, ta dafa faten wake da sha'ir, ta ɗauka ta hau da shi. Da yamma ta sake saukowa ta binne garwashi. Ruwan sama ya zuba mata a wuya, sanyi ya farfasa mata hannu har jini. Tana jin tsoro, tsoro na gaske, amma ba na sanyi ba. Tsoron ɗanta ya tashi kamar yadda ta tashi take ji.

Mata suka sa ta a baki. Dorkas Tulk, maƙwabciyarta, in ta wuce sai ta leƙo ta tsagin bango.

"Sannu da hutawa, matar mai gida biyu! Yau taurari za ki gayyata cin abinci?"

"Su ai ba sa aron gishiri su hana ni, Dorkas."

Tsoho Gervase ma bai raga mata ba. Kullum abinci ya iso a huce, kullum sai ya faɗa. Jasper kuma kowace safiya sai ya biyo ta hanyar a kan dokinsa, ya ɗaga kai, ya ga hayaƙi, ya tsuke baki ya wuce.

Naƙuda ta zo a tsakiyar hunturu, ranar da dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Ambrose ya ruga ƙauyen gaba neman ungozoma, ƙanƙara ta tsare shi can. Dorkas ce, duk da bakin nata, ta hau tudu ta karɓi haihuwar. Aka samu mace. Sibil ta galabaita, barci ya kwashe ta.

Da ta farka rana ta yi sama. Ba ta tambayi lafiyar jaririyar ba, Allah ya gafarta mata. Cewa ta yi, "Wutar!"

"Kwanta, mahaukaciya, jini kike zubarwa," in ji Dorkas.

Sibil ta ture ta, ta dafa bango har ƙofa. Can ƙasa ga dokin Jasper tsaye a hanya. Sama da shi kuma, daga bututun kangon, ga hayaƙi na miƙewa. Ta waiga, shimfiɗar tsoho babu kowa, sandarsa ma babu. Daga ƙofa zuwa ƙasan tudu akwai wani dogon sawu a cikin ƙanƙara, inda mutum ya ja jiki.

Ta yafa bargo ta gangara, Dorkas na bin ta da zagi. Suka sami tsohon zaune a gindin murhu, tufafinsa sharkaf, leɓɓansa sun yi shuɗi, yana tura ƙirare cikin wuta.

"Baba! Me ya kai ka?"

"Wutar uwata ce kafin ta zama taki," in ji shi. Ya yi tari mai tsawo. "Me kika haifa?"

"Mace."

"To, ta samu madara. Koma ki kwanta, 'yata. Kin hura iya naki."

Sibil, wadda ba a taɓa ganin hawayenta ba a Ashden, ta zauna cikin toka ta yi kuka. Jasper ya juya dokinsa.

Sanyin da ya shiga ƙirjin tsoho bai fita ba, kafin ciyawa ta tsiro aka kai shi makabartar coci. Da bazara Ambrose ya kwance ɗakin tudu, ya sake tayar da gida kewaye da tsohon murhun, wannan karon sai da ya tambayi matarsa kafin ya taɓa kowane dutse. Bayan 'yan shekaru mai ƙasa ya kewaye rabin makiyayar, gidaje da yawa suka rasa kiwo. Saniyar Pinnock ba ta rasa ba.

Sibil ta tsufa a gidan, ba ta yi laushi ba. Ko lokacin da idonta ya dushe, ba ta yarda wani ya binne mata wuta. Kuma kullum in ta sauke tukunya, sai ta zuba ludayin farko a tsohon akushin Gervase, ta miƙa wa duk wanda ke kusa, ta ce, "Sha da zafinsa. Mai shi bai samu haka ba."