Irin geron Horo Birni

Ina aji huɗu a makarantar sakandare a Bodinga lokacin da aka koya mana lissafin yiwuwar abu. Damina ce ta farko bayan sojoji sun karɓi mulki, in ban yi kuskure ba. Abin da nake da tabbas a kai shi ne wadda ta gabace ta ba ta yi kyau ba. Malaminmu ya zuba wake fari da ja a aljihun rigarsa, muna zarowa ba tare da dubawa ba, muna lissafa wanda ya fi yiwuwa ya fito. Na iya darasin, har na yi alfahari da shi a gida, a Horo Birni.

Wata Asabar mahaifina ya kira ni bakin rumbu. Irin gero da ya rage mana ƙwarya guda ce. Maƙwabta sun fara binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. In ruwan farko ya yi ƙarfi, mai binne ya riga kowa. In yayyafi ne, irin ya tsiro ya ƙone.

"Ɗan boko," in ji shi, "kai da ka san abin da ka iya hwaruwa, mi lissahinka yac ce? Mu binne ko mu jira?"

Ba wasa yake yi ba. A aji, in na zaro ja, sai in mayar in sake.

"Baba, Allah ne masani. Lissafin yana son a gwada sau da yawa."

"Ƙwarya guda gare ni, ba sau da yawa ba."

Na ce a raba irin biyu. Sai ya raba.

Na koma makaranta ina duban gabas ta tagar aji. Yayyafi aka yi. Rabin da muka binne ya tsiro, ya bushe.

Da ruwa mai ƙarfi ya sauka, na zo gida na tarar da shi a gona da ragowar rabin ƙwarya. Na tsaya nesa, ina tsoron ya sake tambayata. Bai tambaye ni ba. Ya miƙo mini irin, ya ce in bi shi ina zubawa, shi yana sara. Kowane rami, sai da na ƙirga ƙwayoyin a tafin hannuna kafin in sake su.