Yajin Alhaji

Lokacin da nake aiki a wani gidan abinci a Nassarawa GRA, ni ce mai kula da shafinmu na intanet. A nan mai saye yake zaɓar abinci da ƙarfin yajin da yake so: kaɗan, daidai, ko wuta. Mai gidan, wani Alhaji mai son a yabe shi, kullum wuta yake latsawa. Ya shanye farfesunsa tas, ya dube mu ya ce, "Ku yaran zamani, ko tattasai sai ya sa ku hawaye."

Wata rana na shiga kicin, na leƙa allon da mai girkinmu, wata dattijuwa 'yar Zariya, take duba oda. Ikon Allah! Kowace oda kaɗan. Na latsa wuta a wayata, allon ya ce kaɗan. Ashe JavaScript ɗin shafin, wato rubutun kwamfuta da ke sarrafa shi, abin da mai saye yake gani kawai yake canzawa. Manhajar kicin kuwa zaɓin da aka rubuta tun asali take karantowa, ba ta ma san an taɓa komai ba.

Dariya ta kusa kayar da ni. Na je wurin Alhaji na ce, "Ranka ya daɗe, shafi da kicin bakinsu bai zo ɗaya ba, domin..."

"Ke, ba na son dogon turanci. Gobe ina da baƙo daga Ibadan, ki gyara kafin ya iso."

To, ni wace ce da zan ƙi? Na gyara.

Washegari bayan azahar ya latsa musu wuta shi da baƙon, har yana cewa yau za a ga cin yajin Kanawa. Mai girki ta leƙo ta ce, "'Yata, wuta fa na gani?"

Na ce, "Abin da allo ya faɗa ke nan, Mama."

Ta zuba attaruhu kamar mai jin haushin wani.

Cokalin farko Alhaji ya cire hula. Baƙon kuwa sai santi yake yi, Alhaji kuma gumi ya jiƙa masa wuyan riga yana ta yaƙe. Wallahi ya ba ni tausayi, amma na kasa barin wurin.

Da baƙon ya tashi wanke hannu, Alhaji ya yafito ni, murya a shaƙe. "Tun yaushe nake cin marar yaji?"

"Tun da aka buɗe gidan nan, ranka ya daɗe."

Ya share ido. "Maza mayar da shafin yadda yake. Kuma kada direbana ya ji."

Kafin in motsa baƙon ya dawo, ya ɗauki wayar Alhaji, ya sake latsa musu wuta, kwano biyu.