Bayana ne matashin Baba

Shekarun baya, farkon shigata kabu-kabu da babur tsakanin Roni da Kazaure, mahaifina ya daina iya kwanciya. Da ya miƙe a tabarma sai numfashi ya sarƙe, tari ya taso, dole ya tashi zaune. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Mu kuwa likitocin gida muka yanke hukunci cewa sanyi ne, muka yi ta ɗura masa citta da kanumfari.

Ni ne ɗan fari, gidanmu kuma akwai kunya irin ta Fulani. Tun da na yi wayo Baba bai taɓa kiran sunana ba, balle ya dafa ni. "Kai wannan" shi ne sunana.

Da abin ya ƙi, muka kai shi asibiti a Kazaure. Aka ɗauki hoton ƙirji, likita ya ce ruwa ne ya taru a gefen huhu.

"Ruwa kuma? Ni da ko rafi ban faɗa ba?" in ji Baba.

Likita ya yi murmushi ya ce, "Baba, zuciyar ce ta gaji. Ba ta tura jini yadda ya kamata, shi ne ruwa yake taruwa." Ya ba da maganin zuciya da na sa fitsari, ya hana gishiri, ya ce a riƙa jingine shi.

Matashin kai yana zamewa, bango kuma ya yi masa tauri. Wata rana bayan azahar na zauna dab da shi na juya masa baya. Can na ji nauyinsa yana sauka a kaina a hankali, har barci ya ɗauke shi. Ƙafata ta sage, amma ko ƙuda ban kora ba. Haka muka riƙa yi kullum, fasinjan rana na bar wa abokaina.

Magani ya karɓe shi, kumburi ya sauka, ya koma kwanciya a tabarmarsa. Kowa ya yi murna. Ni ma na yi, amma Allah ya sani na yi kewar nauyin nan.

Ana saura 'yan watanni ya rasu, wata azahar ya ce, "Kai wannan, zo ka zauna, tarin nan ya dawo." Na zauna, ya jingina. Na kasa kunne har aka kira la'asar, ban ji tari ko ɗaya ba.

Allah ya jiƙan Baba. Har yau ina kewarsa. In na ɗauko dattijo a babur, na ji ya jingina da bayana, sai in rage gudu.