Wutar da Ba Ta Kai Ɗakinki Ba

Laraba, 12 ga Yuni. Goge gishirin teku daga farantan sola, ƙarfe shida. Na gama.

Nei Kaitibo, malamar da ta koya wa rabin tsibirin nan karatu, ta rasu ranar Lahadi, 9 ga wata, da hantsi. Kwana uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ni ne mai kula da ɗakin baturan gari, Malama, ban sani ba ko ina da bakin yi miki ta'aziyya.

Ke kika tsaya kai da fata sai na tafi sakandare a Tarawa, babban birni, alhali babana ya riga ya sassaƙa mini kwalekwale. Kika raka ni bakin jirgi da kwalbar zumar kwakwa, kika ce, "Bwenawa, ka riƙa rubuta komai, kan nan naka rariya ne." Har yau ina rubutawa.

Da huhunki ya gaza, aka kawo miki na'urar numfashi mai aiki da lantarki daga asibiti. A watan Afrilu kika sa aka ɗauke ki zuwa maneaba, zauren taron gari, kika roƙi dattawa abu ɗaya: in rana ta ɓuya kwana biyu, kowane gida ya kashe firiza da dutsen guga. Kawuna Tekaai ya ce, "Haba Malama, yau ba a aji muke ba. Gidana ne, kifina ne, wayar wutar ma tawa ce. Gobe kuma ki ce mu rage numfashi don iska ta ishe ki." Aka kwashe da dariya. Kika jira numfashinki ya dawo, kika ce, "Wayar taka ce, Tekaai. Batirin na kowa ne." Ni kuwa tabarma nake kallo.

Ga abin da ba ki sani ba. Firizar Kawu ta biyu, ni na ja mata waya. Da bubuti ya zo mini, wato roƙon zumunci na al'adarmu, kuma a garin nan wa ya taɓa cewa a'a ga roƙon ɗan'uwa? Bayansa gida biyar suka biyo, duk dangi.

Tun Alhamis ake ruwa. Ranar Lahadi akwai walimar coci, firizoji maƙil da kifi, tun safe kowane gida yana gugar fararen kaya. Ina tsaye ina kallon ma'aunin batir yana sauka. Makunnin layin su Kawu yana gaban hannuna. Na ce bari a fito daga coci in nemi izinin dattawa, kada a ce na yi rashin kunya. Goma da kwata wuta ta ɗauke. Ɗiyarki Teuota ta yi ta miki fifita har hannunta ya sage.

Kifin bai lalace ba ko ɗaya. Shi aka dafa jiya a zaman makokinki. Kawu ya miƙo mini kwano ya ce, "Kwananta ne ya ƙare, ɗana. Ci." Na ci.

Wataƙila gaskiyarsa ce, ko da akwai wuta da kin tafi. Na juya maganar ta kowane gefe, ban sami inda zan tsaya ba. Abin da na sani, ba wanda ya nufe ki da sharri, kowa rigarsa kawai ya goge, kuma a kan batirin nan firjin magungunan asibiti yake har yanzu.

Allah ya jiƙan ki, Malama, ya ba ki hutun da babu sarƙewar numfashi a cikinsa. Ya ba Teuota da jikokinki haƙuri. Mu kuma ya yafe mana, in akwai sauran wurin yafiya.

Gobe:

Ƙara ruwa a batura.
Mayar da na'urar asibiti. Teuota ta ce ba ta son ganinta.
Mayar wa matar Kawu kwanonta.
Yanke wayar firizar Kawu. Wannan tun Litinin nake rubuta shi.