Jitar da Ba a Jona Ba

Ni na ɗinka wa 'yan ƙungiyar Egbe Igwe wandunansu masu faɗin ƙafa, lokacin da kiɗan rok ya haukata samarin Aba bayan yaƙin basasa. Don haka na san wanda ke kaɗa musu bes, jitar nan mai kaurin murya. Ogbonnaya Ukaegbu ne, wanda muke kira Dee Ogbo, gajere mai gibi, wanda kan dafa tsirkiyoyinsa a tukunyar miya in sun dushe.

Kayan kiɗan duk na mai otal ɗin da suke wasa ne. Ranar ɗaukar hoton bangon faifansu, mai otal ya ƙare wa Dee Ogbo kallo, ya ce wannan fuskar ba za ta sayar da faifai ba. Aka rataya wa ɗan ƙanwar mai otal, Ibekwe, jitar, dogo mai tulin suma, wanda ko tafi bai iya ba. Sunan Ibekwe aka buga a matsayin mai bes.

Ƙungiya ta watse, Dee Ogbo ya koma facin taya a hanyar Fatakwal. Ibekwe ya yi tumbi, ya zama Cif.

Bara wasu Turawa masu tara tsofaffin faifai suka zo neman mai bes ɗin nan da ya hana su sukuni. Cif ya amsa cewa shi ne, ba kunya ba tsoron Allah. Ya yanka saniya, ya tara gari, aka haɗo sauran makaɗan don a yi wa baƙin wasa. Ya kira Dee Ogbo gefe ya ce shi zai riƙe jita ba a jona ta da lasifika ba, Dee Ogbo kuma ya kaɗa daga bayan labule. Mawaƙinsu na tsaye yana ji. Raina ya ɓaci har na kasa cin naman.

"Dee, ka yarda da wannan ƙazantar?" na ce.

"Bari dai, tela. Tsakiyar waƙa zan ɗauke hannu, kowa ya ji wanda ke kaɗawa."

Da aka fara wasa, ina tsaye kusa da shi a bayan labule ya ɗauke hannu. Bes ya mutu ɗif. Cif na ta sosa tsirkiya yana lumshe ido, mata na manna masa kuɗi a goshi, Turawa na ɗaukar hoto. Ba wanda ya ko waiga.

Dee Ogbo ya jira, ya ƙara jira. Sai ya goge hannu a wando ya ci gaba da kaɗawa har ƙarshen waƙar.